Alhaji ya ce hannun da ke jikinshi ba nashi ba ne

Salamu alaikum Gwaggo. Ni dai wallahi na gaji. Wata biyu ke nan da Alhaji ya faɗi a shago, aka ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ɓarin jikinshi na hagu ya shanye, kwana 9 muka yi asibiti. To tunda muka dawo gida shi cewa yake lafiyarshi lau, ni ce na hana shi tahiya Jibiya sarin kaya. In na ce Alhaji ɗaga hannun mu gani sai ya ce ai ya ɗaga, hannun kuwa yana nan yashe bisa cinya. Shekaranjiya da asuba ya yunƙura wai za shi masallaci, ya kife bakin ƙofa leɓe ya fashe, ni aka zaga, ni da nake mishi alwala nake wanke mishi komi.

Dare ya fi ci mini rai. Sai ya kama hannun nan yana turewa daga gado, wai na yayanshi marigayi ne, wa ya kawo mishi. Na nuna mishi zoben azurfarshi a yatsa, ya ce ai Yaya ne ya ara. Ita kuma abokiyar zamana tana jin haka ta kwashe ta kai ma dangi, yanzu ko'ina cewa ake asiri na yi mishi don shago. Ni? Har maganin likita sun sa an aje tunda mai jiki ya ce ya warke, sai turare da rubutu. Ni sunana da ake ɓatawa ya dame ni, ni da ban barci. In tahi gidanmu ko in zauna? Na gaji Gwaggo.

Mai damuwa, unguwar Zariya, Maraɗi

Ɗiyata, ban ji ta bakin abokiyar zamanki ba, ba zan yanke mata hukunci ba, amma wadda ta ɗauki zancen marar lafiya ta baza cikin dangi ba ta kyauta ba ko kaɗan.

Sai dai kin faɗi wata magana kin wuce abinki: an aje magani. Nan hankalina ya tashi. Tansiyon da ta kada shi tana nan, kuma wanda ya shanye sau ɗaya na biyu na iya zuwa. Shi wannan "na warke" da suka riƙe, ai ciwon ne ke magana. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki, shi ke sanar da mutum hannun nan naka ne, ya motsa ko bai motsa ba. In jini ya yanke ma wurin, labari ba ya isa. Alhaji ba ƙarya yake ba, ba taurin kai ba ne. Wani likitan Faransa, Babinski, tun 1914 ya sa ma abin suna anosognosie, kuma ga mutane da yawa yana raguwa cikin makonni ko watanni.

Ki bar gardama da shi, zobe ba zai shawo kanshi ba. Ki riƙa zama ta hagunshi kina shafa hannun da man kaɗanya yana kallo, ki tokare shi da matashi, kar kowa ya ja shi ta nan wajen tadawa, kafaɗa na gocewa. Kaskon turaren nan ma a nisanta, yana iya ƙonewa bai sani ba. Asuba kuma kar a bar shi shi kaɗai.

Ku kuma masu karatu, na gaji da ganin ana jefar da ƙwayar tansiyo don an fara rubutu. Wa ya ce muku addu'a ta hana magani?

Ki zauna ɗiyata. Gobe da sahe ki ɗauki takardar maganin ku koma asibiti a auna shi, a haɗa ku da masu gashin jiki, ki tahi da wanda ya fi kowa baki cikin dangin ya ji da kunnenshi.