Amsa ga mai neman manhajar amfilifayar jita a Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya: kana Jidda a gidan haya, ga jita ga laftof, kana son naɗar sauti da dare ba tare da ka tashi maƙwabta ba, kuma ka rasa wadda za ka saya tsakanin manhajojin da suke kwaikwayon amfilifayar jita a kwamfuta, wato AmpliTube da Guitar Rig da Neural DSP. Ni ma a garin nake, na kai shekara shida ina naɗa a ɗaki da hedifon a kunne, duka ukun kuma na taɓa su.

Shawarata ita ce kada ka fitar da ko riyal ɗaya tukuna. AmpliTube, ta kamfanin IK Multimedia na Italiya, tana da ta kyauta mai suna CS. Guitar Rig, ta Native Instruments na Jamus, ita ma tana da ta kyauta mai suna Player. Neural DSP na ƙasar Finlan suna ba da kwana 14 na gwaji. Ga kuma Neural Amp Modeler, wadda ake ce wa NAM, kyauta ce gaba ɗaya: mutane suna kwafo muryar amfilifaya ta gaske su sa a intanet, kai kuma ka sauke ka loda.

Ka ce irin amon jitar Agadas kake so, wanda tsirkiya take fita garau da ɗan kaushi kaɗan idan an matsa mata. To, a kunnena AmpliTube ta fi saurin kai mutum wurin, saboda tana barinka ka matsar da makirufo a gaban lasifika yadda kake so. Sai dai tana da nauyi, tsohuwar laftof tana jin jiki. Guitar Rig kuwa ƙarfinta a kayan ado yake, amsa-kuwwa da maimaita sauti da makamantansu, nakan buɗe ta ne idan waƙa tana son fili. Neural DSP tana da daɗi ƙwarai a ƙarƙashin yatsa, amma kowace manhaja tasu amfilifaya kaɗan ce a ciki, kuma da yawansu don masu kiɗan rok mai nauyi aka yi su.

Abin da ya fi ci mini lokaci, wanda nake so ka tsallake, ba zaɓen manhaja ba ne. Na yi wata da watanni jitata tana fita kamar an rufe ta da bargo, ina ta sauya manhaja, ashe a katin sautina, wato na'urar da ke haɗa jita da kwamfuta, matsalar take: ban danna maɓallin INST ba, wanda ke mai da mashigar ta dace da jita. Jita tana buƙatar wannan mashiga ta musamman, in ba haka ba kaifin muryarta ya tafi tun kafin ta isa kwamfuta. Ranar da na danna shi, wallahi sai na ji kamar an canja mini tsirkiyoyi. Bayan haka ka rage Gain na katin, wato ƙarfin shigar sauti, kada fitilar ta nuna ja ko da ka doki tsirkiya da ƙarfi. Idan sautin ya shiga da zafi, amfilifayar da ya kamata ta fita tas sai ta riƙa ƙara.

Na biyu shi ne akwatin lasifika na cikin manhajar. Rabin muryar a nan take. Ka ɗauki amfilifaya ɗaya irin Fender Twin ko Roland JC-120, ka bar ta yadda take, ka yi ta sauya akwatin kawai, za ka sha mamaki. Lasifikar jita ta gaske ba ta fitar da abu mai yawa sama da 5 kHz, don haka idan ka ji tsiwa tana soka maka kunne a hedifon, yanke sama daga wajen 7 kHz, ka yanke ƙasa daga 80 Hz don ka bar wa bes da ganga wurinsu.

Jinkiri kuma, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawa da jin sautin, in Windows gare ka, yi amfani da ASIO, wato direban sauti na katinka. Sa bafa, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, a 128 lokacin kaɗawa, a kan 48 kHz wannan bai kai milisakan 3 ba. In ka zo haɗa waƙa ka ɗaga zuwa 512 ko 1024, laftof ta huta.

Akwai kuma gurnanin wuta. Lantarkin Saudiyya 60 Hz ne, jita mai fikof siriri (fikof shi ne maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) tana kwasarsa sosai, balle ga esi yana aiki dare da rana. Ni nakan zare cajar laftof, in juya kujera a hankali har in sami kusurwar da gurnanin ya lafa, a nan nake zama har in gama.

Kullum ka naɗi jitar tsurarta, manhajar tana zaune a kanta kawai cikin manhajar naɗa sauti irin Reaper ko duk abin da kake amfani da shi. Ta haka kaɗawa ɗaya za ka gwada ta a duka huɗun, ka kwatanta da kunnenka, ba da abin da aka faɗa maka ba. In ka samu dama bayan isha'i, turo mini daƙiƙa 30 na tsuran sautin, ka gaya mini irin katinka da fikof ɗin da ka zaɓa, in Allah ya yarda zan saurara in faɗa maka inda za ka fara gyara.