Me ya sa ake sayen abincin dabbobi alhali mutane na cikin yunwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta rahoton wata ƙungiyar agaji da ta kai ɗauki yankin da fari ya afka wa. Sai na ga kuɗi masu yawa sun tafi a abincin dabbobi da rigakafinsu da rabon tsabar kuɗi, har da sayen dabbobin makiyaya ana yankawa. Ashe ba buhunan hatsi ya kamata a kai wa mai jin yunwa ba? Ko saniya ta fi ɗan Adam daraja ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba a fifita saniya a kan mutum ba. Abin da ya dace a kai ya danganta ne da inda farin ya kai a lokacin da agajin ya iso, domin fari ba dare ɗaya yake yin ɓarnarsa ba. Watanni yake ɗauka yana cin dukiyar gida kafin ya kai ga cikin mutane.

Makiyayi ba naman dabbarsa yake rayuwa a kai ba. Nono yake sha, hatsi kuma saye yake yi da kuɗin dabbar da ya kai kasuwa. Idan ciyawa ta ƙare, dabbobi sun rame, sai kowa ya koro nasa kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. A daidai wannan lokacin kuma gonaki ba su yi ba, hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Akuyar da kuɗinta ke ciyar da gida makonni sai ta koma ba ta wuce 'yan kwanaki ba. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna haka tun 1981, bayan ya yi nazarin yunwar Bengal ta 1943 da ta Habasha da Sahel a shekarun 1970: ana iya mutuwa da yunwa alhali abinci na jibge a kasuwa, don mutane sun rasa abin saye.

Abincin dabbobin da ka gani ba na garke duka ba ne, ba wanda zai iya wannan. Ana ware 'yan dabbobi mata masu haihuwa da masu shayarwa ne. Ranar da nono ya ƙafe, ƙananan yara ne ke fara ramewa, don haka buhun dusar da ya riƙe akuya mai tatsa abincin yaro ne, ta bayan gida ya shigo. Ga kuma batun farfaɗowa. Saniya wata 9 take ɗauke da ciki, karsana kuwa a kiwon daji takan kai shekara 3 zuwa 4 kafin haihuwar fari. Wanda garkensa ya ƙare kaf zai yi shekaru yana jiran taimako, da yawa ma ba sa komawa kiwo har abada, sai zaman gefen gari. Shi ya sa idan ana mayar wa mutane dabbobi bayan fari aka fi farawa da awaki, masu haihuwa a wata 5.

Sayen dabbobi kuwa iri biyu ne. Da wuri, tun suna da nama a jiki, ana haɗa makiyaya da 'yan kasuwa su saya da daraja. A farin da ya afku a 2006 an yi haka a Moyale da ke kudancin Habasha, inda aka sayi shanu kusan 20,000 a kan kimanin dala miliyan ɗaya, iyalai suka sayi hatsi suka kuma ciyar da sauran dabbobinsu. Idan an makara har ɗan kasuwa ba ya so, sai ƙungiya ta biya mai dabba, a yanka, a raba naman ga mabuƙata. Makiyaya kan yi nauyin hannu wajen sayarwa da wuri, ni kuma ba na ganin laifinsu: wanda ya sayar yau, aka yi ruwa jibi, da tsada zai sake saye.

Manomi nasa ciwon daban. Abin tsoro shi ne ya cinye irin shuka, ya sayar da garma da shanun huɗa, ko ya jinginar da gona. Tallafin da ya hana shi wannan, tare da iri mai saurin nuna da ya iso kafin ruwan shuka, ya fi masa buhun da zai ƙare a wata guda. Irin da ya zo bayan an gama shuka, tukunya zai shiga.

Tsabar kuɗi na aiki ne inda kasuwa ke ci kuma hanya a buɗe take. Tana isa da sauri, ba hayar manyan motoci, kuma mai gida ya fi kowa sanin ko magani yake buƙata ko ruwa ko biyan bashi. Amma inda rikici ya toshe hanya ko hatsin ya yanke, zuba kuɗi farashi kawai zai ƙara ɗagawa. Nan kai ke da gaskiya, buhu za a kai. Yaron da tamowa ta yi wa tsanani, wanda awon damtsensa ya gaza santimita 11.5, ba hatsi ba ne maganinsa, ba kuma kuɗi ba. Abinci na musamman da kulawar asibiti yake buƙata.

Babban aibin agajin fari, a ganina, jinkiri ne. Ma'aunin ƙarancin abinci da Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta ke amfani da shi yana da mataki 5, kuma ba a ayyana na ƙarshe, wato yunwa, sai gida 1 cikin 5 ya rasa abinci matuƙa, kashi 30 cikin ɗari na yara sun kamu da tamowa, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum. A Somaliya an yi ta gargaɗi tun 2010, amma sai a watan Yulin 2011 aka ayyana yunwa, sannan kuɗi suka fara kwarara. Kusan mutum 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma kimanin rabin mace-macen sun auku ne kafin sanarwar. Yaƙi da hana ma'aikatan agaji shiga sun taka rawa, amma masu ba da kuɗi ma sun jira sai sun ga hotuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ne ya sa ake komawa ga tsare-tsaren da ke nan tun kafin fari, irin shirin tallafin da Habasha ta kafa a 2005, da inshorar dabbobi da aka fara a Marsabit ta Kenya a 2010, wadda ke biyan makiyayi bisa abin da tauraron ɗan Adam ya nuna na ƙarancin ciyawa.

Duk da haka kada ka ajiye zarginka gaba ɗaya. Tallafin dabbobi mai dabba yake amfana, kuma mafi talauci sau da yawa shi ne wanda nasa suka riga suka mutu, ko ɗan ƙwadagon da ba shi da ko kaza. Idan ka koma kan rahoton nan, duba watan da kayan suka isa hannun mutane, ba watan da aka amince da kuɗin ba. Duba kuma ko an sa iyaka ga yawan dabbobin da za a ciyar wa gida ɗaya, da abin da aka tanadar wa gidajen da ba su da ko ɗaya.