Batirin silikon ɗin da ka tambaye ni

Jiya ka tambaye ni hannuna na kan aiki ban samu na amsa maka ba, wai ya aka yi wayar Alhajin nan siririya haka amma an rubuta 6000mAh, ko irin ƙaryar da ake bugawa a jikin batiran jabu ce. To wannan karon ba ƙarya ba ce yaro, batirin silikon ne a cikinta.

Batirin litiyam da muka saba da shi, wanda ya samo asali daga wanda Sony ta fara fitarwa a 1991, ɓangarensa ɗaya garafait ne, baƙin abin nan na cikin fensir, nan litiyam yake shiga ya zauna in ana caji. Giram ɗaya iyakarsa 372mAh, ko me za ka yi masa ba zai wuce nan ba. Silikon kuwa, da ake samowa daga yashi, yana ɗaukar kusan ninki goma, amma halin garin kwaki gare shi, da ya sha litiyam sai ya kumbura wajen ninki uku, caji ya sauka ya motse, a sake caji ya sake tashi, a haka har ya farfashe. Shi ya sa ba zallarsa ake zubawa ba, ɗan kaɗan ake cusawa cikin kabon mai ramuka yadda zai samu wurin miƙewa. Kamfanin waya na Honor ne ya fito da shi a 2023 a Magic5 Pro na kasuwar China, OnePlus 13 ma shi ne a ciki. Masu motar lantarki irin su Tesla sun daɗe suna barbaɗa ɗan silikon a nasu, don motar ta ƙara nisa kafin a nemi caji.

Abin da ya shafe ka a kan teburi shi ne zafi. Na ga yadda kake sakar wa bayan waya buluwa kamar mai babbakar kaza, to wannan ba ya son haka, balle a zafin Afrilu. Ka bari cajin ya sauka tukuna, ka ɗiga sipirit a ƙarƙashin gam, ka ɗaga da katin roba a hankali, ƙarfe kada ya kusance shi. In kwastoma ya ce a sa masa irin wannan a tsohuwar wayarsa ka ce a'a, kowane bod da batirin da aka tsara masa cajinsa.

Gobe ka shigo da wuri, akwai wata da aka kawo, kai za ka buɗe ta ina kallo.