Tambaya da Amsa: Manhajar virt-manager ta rufe, ina makomar kwamfutocina na kwaikwayo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon aikin kwamfuta a Samaru, Zariya, kuma ina gudanar da kwamfutocin kwaikwayo (wato kwamfutocin da ke gudana a matsayin manhaja a cikin kwamfuta ta gaske) a kan Linux. Wani lokaci virt-manager, manhajar da nake sarrafa su da ita, takan rufe ba zato, sannan ɗaya daga cikinsu ta ƙi tashi tun da aka ɗauke wuta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rufewar virt-manager ba ta nufin kwamfutocinka sun mutu, domin ita taga ce kawai da ke magana da libvirt, manhajar da ke kula da kwamfutocin kwaikwayo a bayan fage, kuma kowace kwamfutar kwaikwayo tana gudana ne daban a ƙarƙashin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'urorin kwamfuta. Ka buɗe virt-manager da umarnin virt-manager --debug domin ka ga saƙon da ke fitowa kafin ta rufe. Idan kuma kwamfutar kwaikwayon ce ta tsaya, duba fayil mai sunanta a /var/log/libvirt/qemu/, sannan ka duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, saboda Linux yakan kashe QEMU idan RAM ta ƙare.

Batun ɗauke wuta ya fi damuna, domin yana iya lalata faifan qcow2, wato fayil ɗin da ke ajiye bayanan kwamfutar kwaikwayo, idan ya zo ana cikin rubutu. Ka tabbatar kwamfutar kwaikwayon a kashe take, ka kwafi faifan zuwa wani wuri tukuna, sannan ka bincika shi da qemu-img check. Kada ka yi gaggawar amfani da -r all, wato zaɓin da ke sa qemu-img check ya gyara duk kurakuran da ya gano, a kan kwafinka guda tilo, domin gyaran kansa yana iya salwantar da bayanai. In da hali, ka tanadi UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta a kunne na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta.