Fassara takardar jikin leda don kai zoɓo Saudiyya

Ka ce kana son kai busasshen zoɓo Saudiyya, ko fassarar Google za ta wadatar? A'a, Alhaji. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, wato SFDA, tana son bayanin kayan abinci da Larabci: sunan kaya, abin da ke ciki, nauyi, ƙasar da aka yi shi da adireshin kamfani. Samu mai fassara da ya san kasuwar can. Su karkade suke ce wa zoɓo, riɗi kuma simsim.

Inda aka fi tafka asara wajen bugawa ne. Larabci daga dama yake farawa, kuma in manhajar mai zane ba ta da saitinsa, sai haruffa su rarrabu su juya baya. Mai zanen da bai yi allo ba ba zai lura ba. Don haka ka mayar wa mai fassara da PDF ɗin ƙarshe ya duba kafin a buga leda dubu 10.

Ranar sarrafawa da ta lalacewa kuwa a jikin ledar ake bugawa, rana, wata, shekara. Sitika ba ta karɓuwa wajen waɗannan ranakun.