Me ya sa sabbin taragun fasinja suke daɗewa ba su iso ba?

Malam, ka yi tambaya daga Kazaure cewa me ke jinkirta zuwan sabbin taragu, kuma me zai hana a ɗora tsofaffin a kan layin Kano zuwa Maraɗi idan an gama shi.

Tsofaffin ba za su hau ba. Tsohon layin da aka ƙera su dominsa, irin wanda ya bi ta Ringim da Malam Madori zuwa Nguru, faɗinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa sabon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 milimita 1,435. Ƙafafun taragon ba za su zauna a kai ba sam.

Tarago kuma ba kamar mota ba ne da za ka tarar a ajiye ka biya ka tafi. Sai an ba da oda, an biya kafin alƙalami da dala, sannan masana'anta ta sa ka a layi. A nan aka fi samun cikas, domin duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin da aka ware ba ya isa. Birki da na'urar sanyaya ɗaki da ƙofofi sau da yawa wasu kamfanoni ne daban suke ƙerawa, ɗaya ya makara, kowa ya tsaya. Bayan haka ga tafiyar teku, ga kwastan a Legas, ga gwaji a kan layi kafin a ɗauki mutane.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu daga waje muke sayo su. Na Abuja zuwa Kaduna daga Sin aka kawo, masana'antar Kajola ta jihar Ogun kuwa taragun kaya aka gina ta don haɗawa. Ku riƙa tambayar wakilanku ko an biya kuɗin odar, da watan da aka yi alkawarin kawowa.