Titi mai yawan kwana: me baƙi ke zuwa gani?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani titi a Amurka da ya yi ta lanƙwasa hagu da dama, an ce baƙi har layi suke yi don su bi ta kansa. Me ya sa aka gina shi haka? Da za a yi irinsa a nan Kaduna, zai jawo mana masu yawon buɗe ido? Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Malam, ina kyautata zaton titin Lombard ka gani, a birnin San Faransisko. Ba don ado aka murɗe shi ba, tudu ne ya tilasta. Gangaren wurin ya yi tsanani, duk tafiyar mita 100 ƙasa na sauka da kusan mita 27, motocin wancan zamani kuwa ba sa iya jure wannan. Sai a 1922 aka yi wa wannan yanki kwana takwas, tsawon hanyar ya kai kusan mita 180. Hanya ta ƙara tsawo, gangare ya yi sauƙi. Ka lura da ɗan ga-ruwa in ya zo tudu da kurarsa cike da jarkoki, ba ya miƙewa ɗoɗar, karkacewa yake yi nan da can har ya haye. Dabarar ke nan.

Akwai titin da ya girmi Lombard, Snake Alley a garin Burlington na jihar Iowa, wanda aka shimfiɗa da jan bulo a 1894 saboda kekunan doki. An jera bulon a karkace don kofato ya sami wurin kamawa. Duk da haka hawan ya wahalar da dawakai, har yau gangarowa kawai ake yi.

To, batun Kaduna. Gaskiya ba zan goyi bayan a kashe kuɗi a ƙirƙiro kwana a inda ƙasa take shimfiɗe ba. Garin nan Turawa ne suka zana shi lokacin da suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, shi ya sa titin Ahmadu Bello da na Independence suke miƙe sambal. In ka murɗe titi a fili babu dalili, cunkoso ka sayo wa masu Keke Napep, kuma baƙo ba shi da labarin da zai koma gida da shi. Abin da ke riƙe mutane a Lombard ba kwanar kaɗai ba ce. Akwai furanni da ake kula da su, da matakala a gefe ta masu ƙafa, da dokar tafiya a hankali, kusan kilomita 8 a awa. Mazauna titin ma suna kokawa da hayaniyar baƙi, wannan ma abin dubawa ne.

Amma muna da namu, mun raina shi ne kawai. Ka je Birnin Zazzau, ka shiga ta Ƙofar Doka, ka ajiye mota ka bi lunguna da ƙafa zuwa fada. Waɗannan lungunan ba injiniya ya zana su ba. Gida ne ya fara zama, iyali suka yaɗu, aka raba gado, aka ƙara katanga, hanya kuma ta bi abin da ya rage tana kewaye zaure da rijiya da masallacin unguwa. Matsatsinsu na ba da inuwa a tsakiyar bazara, lanƙwasarsu na tsare mutuncin gida daga idon mai wucewa. A ƙarshen tafiyar ga inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tsohon Masallacin Juma'a a shekarun 1830, ginin ƙasa da masana gine-gine suka riƙa tasowa daga ƙasashen waje don su gani kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023.

Abin da ke damuna shi ne yadda zaurukan ƙasa masu zanen ado ke rushewa duk damina, a maye gurbinsu da bulo da kwano. Da ni za a tambaya, sai in ce a zaɓi hanya guda daga ƙofar gari zuwa fada, da yardar masarauta da masu unguwanni. A gyara magudanan ruwa, a kwashe shara, a tallafa wa masu gidaje su yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, a koyar da samarin unguwa tarihin wurin su riƙa yi wa baƙi jagora ana biyansu. Kuma kada a shiga da kyamara zauren kowa sai an yi sallama maigida ya amince.